Abin da Mista Han Ya Gani

Wannan babin naki ne, Zainab, amma kai ma Faruk kada ka tsallake shi. Ranar sadakar ukun babanku, kina kicin kina wanke kofuna, kika ce wa ƙawarki da Turanci wai babanku mutumin kirki ne amma zuciyarsa dutse ce, tunda har ya koma ga Allah ba ki taɓa jin ya ambaci yayanku Mustafa ba. Kin zaci hankalina yana wajen baƙi. Na ji ki sarai, duk daɗewar nan da na yi a Greensboro Turancin kicin bai fi ƙarfina ba. Ban tanka miki ba don ba ranar magana ba ce, kuma don ni ma na taɓa faɗin haka, har na fi ki zafi, ni har akwati na haɗa. Abin da ya sa na kwance akwatin nan shi nake so ku sani, kuma dole in fara da maƙwabcinmu, wanda kuke yi mini dariya duk lokacin da na ce na san shi. E, shi dai, tsohon nan ɗan Koriya da kuke gani a finafinai yana fitowa a uba ko a kaka. Ya ci tuwona da miyar kuka, ya kuma miƙo kwano a ƙara masa.

A lokacin muna haya a wani gidan bene a High Point Road, titin da yanzu aka sake wa suna, ni kuwa bakina ya ƙi karɓar sabon. Ƙofarmu tana kallon tasu. Mista Han muke ce masa, matarsa kuma Sunhi. Babanku yana karatun noma a jami'a, amma da safe kafin ya shiga aji guga yake yi a wani shagon wanki a Wendover, shagon yayan Sunhi ne, a nan shi ma Mista Han yake aiki. Mutumin nan ya yi jarrabawar tuƙi ya faɗi, ya sake ya faɗi, har mai jarrabawar ya gane shi daga nesa, saboda haka babanku ne yake ɗaukarsa kullum. Shi a gaba, Mustafa a baya, su sauke yaron a makarantar yara da ke kan hanya, sannan su wuce shago. Ban san me suke cewa a motar ba, don Turancin Mista Han bai wuce na gaisuwa da tambayar kuɗin kaya ba, babanku kuwa kun san shi, sai ya wuni bai cika baki da magana ba.

Labarinsa daga bakin Sunhi na ji shi, muna zaune a ƙasa ina taya ta barbaɗa wa kabeji gishiri a cikin baho. Ɗan manomin shinkafa ne, ya gudu daga gonar ubansa ya tafi babban birninsu saboda wasan kwaikwayo. Ya yi sharar dandamali, ya yi ɗaukar kaya, ya kwana a kan bencin 'yan kallo, kafin a fara ba shi 'yar magana ɗaya ko biyu. Da ya shiga fim ma haka aka yi ta yi da shi: yau direba, gobe ɗan sanda mai gadin ƙofa, jibi mutumin da za a harbe tun 'yan kallo ba su gama zama ba. Daraktoci suka ce masa fuskarsa ba ta jarumi ba ce, ta yi faɗi, ta manoma ce. Har ya cika shekara arba'in da haihuwa yana a haka. Sunhi ta ce ita ce ta gaji, ta ce masa ko ya biyo ta Amurka wajen yayanta ko ta taho ita kaɗai, ya biyo ta, ya kuma rantse ya bar wasa har abada. Tana faɗi tana murza kabejin da ƙarfi, na gane ba ta yarda da rantsuwar ba.

Tana da gaskiya, don abin a jininsa yake. Mutumin nan ido ne da shi. Zai zauna a kusurwa kamar yana gyangyaɗi, ashe kwashe ki yake yi. Ran nan muna zaune ya tashi ya yafa tawul a kansa, ya ɗaga tumatir yana juya shi yana taɓe baki, ya ajiye, ya yi kamar zai tafi, ya dawo. Wallahi ni ce sak a kantin kayan miya, har da yadda nake dafe ƙugu. Na ji haushi na kuma yi dariya har da hawaye. Mustafa kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauke shi abin wasansa. Yaron yana da sikila, in ciwon ya tashi ba abin da ke hana shi kuka sai Mista Han ya shigo ya zama agwagwa, ko ya zama mai gidan hayarmu yana hawa bene da ƙaton cikinsa. Bazarar da aka yi gasar ƙwallon duniya a ƙasar nan, ƙasarmu da tasu duk sun zo, a falonmu ake kallo. Mustafa a kan cinyar Mista Han yake zama, babanku yana can gefe a kujerarsa.

To nan ne sai kun yi haƙuri na yi muku bayani, don ku ba a ciki kuka tashi ba. Babanku ɗan ƙauye ne daga wajen Malumfashi, Mustafa kuma ɗan fari ne. A wajensu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi. Kunya ce, kuma tarbiyya ce, wanda ya yi akasin haka ana cewa ba shi da ta ido. "Yaron nan" yake ce masa. Yaron nan ya ci abinci? A sa wa yaron nan rigar sanyi. Ni ma ya kamata in yi wannan kunyar, har ma ta uwa ta fi ta uba, kuma na fara. Amma na daɗe ina tunanin abin, ga abin da na gane: a gida kunyar nan tana da masu tare mata. In uwa da uba sun kawar da kai, ga kaka ta goya, ga gwaggo tana yi masa kirari, ga kawu ya saɓa shi a wuya, yaro ba ya rasa mai kiran sunansa da daɗi. Mu kuwa a nan daga ni sai shi sai bango huɗu. In na kawar da kai, wa zai duba? Sai na yar da tawa kunyar tun yaron yana rarrafe. Babanku bai yar da tasa ba, da ita ya hau jirgi kuma da ita ya zauna.

Da sanyi ya fara shigowa a shekarar, ganye yana zuba, ciwon ya tashi wa Mustafa a ƙirji. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ban da abin cewa a kansu. Bai cika shekara shida ba. Ke Zainab kina goye a lokacin. 'Yan uwa suka taru, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da mutanen zango na Gana, aka yi masa sutura aka kai shi. Ni ina ɗaki ban san inda kaina yake ba, amma ina jin muryar babanku daga falo, yana zuba wa mutane shayi, yana tambayar wani Alhaji ko an gyara masa motarsa. Muryarsa ko rawa ba ta yi. Washegarin sadakar uku ya ɗauki makullin mota ya tafi guga. Da ya dawo ya sauke hoton yaron daga kan talabijin ya sa a ƙasan akwati. Na bar shi sati, na bar shi wata, ina jira in ga ko da jan ido ne. Da na kasa, wata rana yana cin abinci na tsaya a kansa.

"Malam, ka faɗi sunansa sau ɗaya in ji. Sau ɗaya kawai."

"Binta, ki yi haƙuri. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa."

Ya ci gaba da cin abincinsa. Ban ce ya yi ƙarya ba, amma ba wa'azi na nema ba, abokin kuka nake nema, kuma har yau ban ga laifina ba da na nema. Na tsane shi a ranar, ku ji da kyau, na tsane shi. Na buga wa Inna, kakarku, waya Katsina ina kuka, ta ce in taho, ɗakina yana nan. Na faɗa masa zan tafi da ke, kuma kada ya sa ran dawowata. Na zaci wannan za ta girgiza shi. Sai ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, bayan kwana biyu ya kawo mini tikiti da hannunsa ya ajiye a kan tebur. Ko da akwai sauran shakka a raina, tikitin nan ya share ta. Na jawo akwatuna na fara haɗa kaya, tafiya ta rage 'yan kwanaki.

Sunhi ce ta shigo aron wani abu ta ga akwatunan, na faɗa mata gaskiya, har da dalili. Ta karɓi abin da ta zo aro ta fita. Ranar Asabar bayan azahar, babanku yana jami'a, aka ƙwanƙwasa. Su biyu ne. Mista Han ya cire takalmi ya rusuna, ya bar ƙofar a buɗe, don ya san ba a shiga wa matar aure haka nan. Sunhi ta karɓe ki daga hannuna ta zaunar da ni. Shi kuma ya ɗauko kujerun cin abinci, ya ajiye ɗaya a gaba ɗaya a bayanta, ya ɗauki hular babanku da ke rataye ya kafa. Raina ya ɓaci, na ce wannan wane irin rashin hankali ne, gidan makoki zai zo ya yi wa wasa? Har na yunƙura zan tashi. Sai ya zauna a kujerar gaba, ya sauke kafaɗarsa ta hagu, ya yi 'yar gyaran muryar nan da babanku yake yi kafin ya ce bismillah. Na koma na zauna, don ba Mista Han ne a gabana ba.

Ya murɗa makullin da babu, ya ɗora hannu a sitiyarin da babu. Sannan ya ɗaga hannun dama ya kama madubin tsakiya, ya karkato shi ƙasa, wajen kujerar baya. Yana tuƙi yana ɗaga ido yana duban madubin, ya duba hanya, ya sake duban madubin. Can ya rage gudu, ya karkata sitiyari ya tsaya, na gane ƙofar makarantar ce. Bai fita ba. Ya zauna daidai gwargwadon yadda ƙaramin yaro zai kwance bel, ya jawo jaka, ya sauka. Ya bi shi da ido ta taga har ya shige. Leɓensa ya motsa, ba sauti. Sannan ya mayar da madubin daidai ya ja mota. Daga nan ya tashi ya je wajen teburin gugata da ke jingine, ya shimfiɗa shi, ya fara guga irin ta babanku, da sauri, riga na bin riga. Sai ya ɗago wata daga kwandon da babu, daga yadda ya riƙe ta na san 'yar ƙarama ce. Hannunsa ya tsaya. Ya shimfiɗa ta a hankali, ya goge wuyan, ya goge hannayen, ya ɓalla maɓallan tun daga ƙasa har na maƙogwaro. Ya waiga dama da hagu. Sannan ya yi kamar ya taka abin fesa tururi irin na shagonsu, ya sunkuya ya tura fuskarsa cikin tururin, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago ya share fuska da hannun riga, ya kalli wani da babu a gefensa ya yi fifita da hannu, wai zafi ne ya dame shi.

Ya cire hular ya mayar inda take. Fuskarsa jiƙe take, tasa ta gaske. Ya tattaro ɗan Turancinsa ya ce mini:

"Kullum. Tun ranar da ya dawo aiki. Kullum."

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa mini tuntuni ba. Sunhi ta fassara, ya amsa, ta ce wai ya ce ba nasa ba ne, bai kamata ma ya gani ba, shi ya sa yake yin kamar barci yake yi a motar. Ya ce sata ya yi ya kawo mini, kuma in na ga dama in faɗa wa mijina, ya yarda a daina ɗaukarsa. Ban faɗa ba. Da suka fita na zauna a ƙasa tsakanin kujerun nan biyu na yi kukan da ya fi na ranar rasuwar, don wannan na mutum biyu ne. Kafin la'asar na kwance akwatunan. Da babanku ya dawo ya ga kaya sun koma mazauninsu, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya tambaya ko akwai sauran abinci. Na ce akwai.

Kada ku zaci zaman nan kyauta na same shi. Na sake buga wa Inna waya na ce na fasa, sai wata shekara. Ta ce to, Allah ya kai mu, amma na ji muryarta ta faɗi, ashe har ta sa an shafe ɗakin da farar ƙasa. Da damina ta zo sai ta kwanta ciwo, kafin mu yi wani shiri ta rasu. Ban gan ta ba, ba ta taɓa ɗaukar ki ba, Zainab. Da na hau jirgin nan da na yi mata jinya. Wannan yana nan a ƙirjina har yau, kuma ba na so kowa ya ce mini ba komai. Babanku kuma bai canja ba, kada ku ce wani abin al'ajabi ya faru. Yadda yake haka ya ci gaba. Ni ce dai na san inda yake kai nasa kukan, sai na daina neman sa a falo. Na riƙa sa masa hankici mai tsabta a aljihu kowace safiya, yana dawo da shi, ina wankewa, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Bayan shekara biyu aka haife ka, Faruk.

Shi ma Mista Han ranar nan ba ta bar shi yadda yake ba. Sunhi ta ce tun da suka koma ɗaki ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya ce mata shekarun da ya yi yana wasa bai taɓa yin na gaskiya ba sai yau, a gaban mace ɗaya da jaririya. Kafin sanyi ya sake zagayowa ya karya rantsuwarsa ya koma ƙasarsu. Sunhi ta ƙi bin sa, ta zauna tana guga tana zaginsa da yarensu, ni kuma ina ba ta haƙuri da nawa. Ya koma gidan jiya, direba da ɗan sanda, yana kwana a ɗakin wani abokinsa. Sai wani matashin darakta da ba shi da kuɗin ɗaukar manyan jarumai ya ji labarin da yake bayarwa na wani maƙwabcinsa a Amurka, ya ce su mayar da shi fim, shi kuma ya fito a uban. Fuskar nan da aka ce ta manoma ce ita ta ci masa lambar gwarzon jarumi na ƙasarsu a shekarar. Daga nan ƙofofi suka buɗe, sauran kun fi ni sani, ku da kuke kallon abin a waya. Sunhi ta bi shi daga baya, amma kafin ta tafi ta shigo mana wata Lahadi da rana da kaset ɗin bidiyo da ta karɓo a kantin 'yan Koriya.

Muka zauna mu uku, ku kuna barcin rana. Ba fassara a jikin fim ɗin, Sunhi ta fara yi mana, can ta daina don ba a buƙata. Wani mai wanki da guga ne a wata unguwar talakawa, yana da 'yar motar kai kaya, ɗansa ya rasu, matarsa tana ganin bai damu ba. Ina satar kallon babanku. Da aka zo wajen madubin na ga ya gyara zama. Da aka zo wajen 'yar rigar da tururin, sai ya daina motsi gaba ɗaya. Ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, ashe mutumin nan ba barci yake yi ba. Sannan ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, na san lissafin akwatunan nan yake yi. Ban kawar da kai ba. A ƙarshen fim ɗin uban ya hau wani tudu ya ƙwala kiran sunan ɗansa har muryarsa ta dushe. Sunhi tana ta sharɓar kuka. Babanku ya ce wannan kam ƙari ne, 'yan fim ba sa rasa ƙari.

Na raka Sunhi ƙofa na dawo, na same shi durƙushe gaban bidiyon yana mayar da kaset ɗin baya. Ya tsayar da shi daidai inda Mista Han ya kama madubin. Ya ƙura wa hoton ido, ya nuna da yatsa, bai juyo ba.

"Nan ma bai yi daidai ba," in ji shi. "Ya kamata ya ƙara yin ƙasa da shi. Mustafa gajere ne."

Ban motsa ba, don kada ya lura da abin da ya fito daga bakinsa. Amma ya lura. Ya kashe talabijin, ya zauna a ƙasa inda yake, ni ma na zo na zauna kusa da shi, muna nan har ke Zainab kika farka kika fara kira. Ban sake jin sunan a bakinsa ba har ya rasu, ban kuma sake roƙonsa ba. Kaset ɗin yana ƙasan akwatinsa tare da hoton, a naɗe cikin ɗaya daga hankicin nan. Ki je ki ɗauko, naki ne.